Laifin Hannuna Na Ɗora wa Ƙafarsa

Ina yi wa edita da masu karatu sallama irin ta addinin Musulunci. Ni tsoho ne yanzu, hannuna ko ƙusa ba ya iya kwancewa, amma akwai wani abu da ya daɗe yana cin raina, ina so in sauke shi kafin a sauke ni. Ya faru ne a Dakoro, mulkin kai bai cika shekara goma ba. A lokacin ni kaɗai ne makanike a garin. Na koyi aiki a Maraɗi, a garajin wani Bature, kafin ya tattara nasa ya nasa ya koma ƙasarsu. Motocin da ke shigowa Dakoro da yatsu ake ƙirga su, kuma duk wadda ta yi tari sai an turo ta ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gidana. Wannan ne ya kumbura mini kai. Ina tafe ina cusa kalmomin Faransanci inda ba a tambaye ni ba, kuma na fi son a ce in sha maɗaci da in buɗe baki in ce ban sani ba.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda ya girme ni da ƴan shekaru. Direba ne, ya yi shekara goma sha biyar yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba. Yana aiki wurin wani Alhaji mai fataucin hatsi tsakanin Dakoro da Maraɗi da Najeriya. Kun san wasan ɗan mace da ɗan namiji. In mun haɗu sai ya cire mini hula ya ce bawansa ya yi datti, ni kuma in ce daga jaki aka ɗauko shi aka ɗora a mota. Ko a gaban sarki aka yi wannan wasa ba mai fushi, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Sai Alhaji ya sayo sabuwar ƙaramar mota mai wani irin birki da ban taɓa gani ba. Ni birkin tambur na sani, mai kama da tukunya. Wannan kuwa faifan ƙarfe ne a kowace taya, da wani abu da muke kira etiriye, mai matse faifan kamar awartaki, da falaketi biyu a cikinsa masu gugar faifan. Bayan damina aka kawo mini ita in duba, duk ta sha laka. Tayar baya ta dama ce ta fi cika, sai na yi mata abin da nake yi wa kowane ƙarfe: na ɗaga robar da ta rufe fiston, ƙarfen da ke turo falaketi, na tsiyaya gazuwal, wato man dizal, na goge har yana walƙiya. Na koma gefe ina kallon aikina ina jin daɗi.

Ba a yi wata ba taubashina ya fara ƙorafi. Ya ce motar ta yi nauyi, tana ja gefen dama, kuma da suka dawo daga kasuwar Kornaka ya tofa yawu a tayar baya sai ya ji cuu, ga wari kamar ana babbakar ƙaho. Alhaji ya zo da kansa, tare da baƙinsa biyu ƴan kasuwa. Na sa kirik na ɗaga bayan motar. Tayar hagu da yatsa ɗaya na juya ta, ta dama kuwa sai da na sa hannu biyu ina nishi. Da na kwance, sai ga falaketinta sun cinye har ƙarfe ya fito, na sauran tayoyin uku kamar jiya aka sa su. Warin gazuwal ya buge ni. Ban gane yadda abin ya faru ba, amma na san wannan tayar ce kaɗai hannuna ya shiga.

Alhaji ya tambaye ni mene ne ciwon. Mutum huɗu, har da taubashina, na tsaye a kaina suna jiran babban makanike ya yi magana. Sai na kama dariya, na ce motar lafiyarta lau, ƙafar bawana ce mai nauyi, tsoron gudu yake yi, shi ya sa yake kwantar da ita a kan birki tun daga Dakoro har Maraɗi. Baƙin suka yi dariya, shi ma taubashin nawa ya yi. Alhaji ne bai yi ba. Ya dube ni ya ce ya san tsakaninmu akwai wasa, in faɗa masa tsakani da Allah, wasa ne ko gaskiya. Allah ya buɗe mini ƙofa a nan, kalma ɗaya ta ishe ni. Taubashina yana kallona, dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba. Na sunkuyar da kai ina goge hannu da tsumma, na ce gaskiya ce.

Washegari Alhaji ya karɓe makullinsa. Maganar ta zaga tasha, ta kai Maraɗi, aka laƙaba masa suna mai cin birki, ba wani mai mota da ya sake yarda ya ba shi. Yana da mata da ƴaƴa biyar. Gwaggona ta zo gidana da ƙwaryar fura, ta ce ɗana, kai Alhaji yake jin maganarka, ka roƙar wa ɗan'uwanka. Na ce to, Gwaggo, zan yi. Na sha furar, ban je ba. Daga ƙarshe ya bi wani mai fataucin dabbobi, yana koro shanu da ƙafa daga Azagor zuwa kasuwanni. Duk ranar kasuwa ina hango shi daga ƙarƙashin bedina, da sanda a kafaɗa, sai in cusa kai cikin inji kamar ina aiki.

Na sa sababbin falaketi, aka ɗauki sabon direba, kafin sati uku tayar nan ta sake cinye su. Wannan karon ban bari Alhaji ya san ciwon ya dawo ba, na ja motar cikin gida na wargaza etiriyen. Robobin ciki sun kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa, sun riƙe fiston, in an taka birki ya fita ba ya komawa. Na tafi Maraɗi neman wasu, wani tsohon abokin aikina ya duba ya tambaye ni wane jahili ne ya zuba wa robar birki gazuwal. Na ce wani ne can a ƙauye. Na dawo na gyara, motar ta koma daidai. Alhaji ya zo yana yaba mini, yana cewa tun da ya sake direba ya huta. Ga ƙofa ta biyu, ita ma na bar ta ta rufe. Wannan shirun ya fi na farko muni, don a na farko ina zato ne, a na biyu kuwa na gani da idona.

Taubashina bai taɓa zagina ba, bai kai ƙarata wurin dangi ba. Abu ɗaya ya yi, ya daina wasa da ni. In mun haɗu sai ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni Malam, ya tambayi iyali, ya wuce. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Shekara huɗu muna haka, sai gwaggona ta rasu. Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, na ja shi bayan rumbu na faɗa masa komai.

Ya saurara har na gama. Ya ce ya sani tun ranar. Ya ce ko wanda ya fara tuƙi jiya ya san ƙafa ba ta zaɓen taya ɗaya ta ci, in ƙafa ce sai duka huɗun su ci, in birkin hannu ne sai na baya biyu. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce ba a mayar wa taubashi wasa da gardama a gaban baƙi, kuma da ya tona ni, garajin ɗan kawunsa ne zai mutu. Ya ce ya ɗauka zan bari baƙin su tafi in je in gyara maganata. Ya jira a ranar, ya jira washegari, ya jira shekara guda yana cewa gobe zan je. Ya ce ya yafe, ya shafa addu'a, ya tashi.

Na je na faɗa wa Alhaji. Ya yi salati, ya aika a kira taubashina, amma shi sai ya aiko da godiya, ya ce idonsa ya yi rauni, ƙafarsa kuma ta saba da ƙasa. Bai sake riƙe sitiyari ba.

Ku masu sana'ar hannu, in kun ga taya ɗaya ta cinye birkinta ƴan'uwanta na nan garau, ku bar direba ya huta, ku buɗe etiriye, ku kuma tuna abin da hannunku ya taɓa. In an kawo muku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, kunyar ba ta wuce yini ɗaya. Sannan kada kowa ya laɓe bayan wasan zumunci ya cuci ɗan'uwansa, don wanda ake wasa da shi ba ya ɗaga hannu ya kare kansa. Taubashina ya yi shekara ashirin da wani abu a raye bayan ranar nan ta bayan rumbu. Duk Sallah nakan je gidansa, in karkata hulata in zauna kusa da shi, ko zai kai hannu ya cire. Har ya koma ga Allah Malam yake kirana.