Kyamarar da Na Sayo Saboda Gawonmu

Lahadi, daga gida zuwa Tasawa

Ƙarfe biyar da kwata na fito daga gida, bayan sallar asuba, kuɗin ƙungiya ɗaure a lalitata. Ina rubuta wannan ne domin ƴan uwana mata na sauran garuruwa da muka yi yaƙi da jahilci tare, don haka bari in fara da abin da ya fitar da ni.

Mu mata talatin da biyu ne a wani ƙauye arewa da Maijirgi. Shekara tara ke nan muna sassaben zamani a gonar da mai gari ya ba mu. In toho ya fito daga kututture ba mu sare shi, sai mu rage mishi rassa, mu ɗaura mishi jan tsumma don a san yana da mai shi. Gawo ya tashi har ya wuce ɗaki, awakinmu na cin ƴaƴansa. Bana da bazara ta shiga, abincin dabbobi ya yi tsada, sai aka fara yi mana sara. Ka zo ka tarar da itace an aske shi, tsumman na yashe a ƙasa. Sau biyu an hango mutum a sama, kafin a matso ya sauka ya shige cikin sabara. An ɗauke shi da salula, ya fito kamar ƙuda. Mai gari ya ce ba ya hukunci sai ya ga fuska. Mata suka gaji, suka ce in aka ci gaba haka kowa za ta kwance tsummanta ta bar gonar. Ni na roƙe su a fasa asusu a sayi kyamara, shi ya sa aka aike ni.

Ɗan Tani ne ya raka ni bakin kwalta. Shi ne mai gadin gonar, kowace kaka kowaccenmu tana auna mishi tiya guda ta gero.

"Inna Rabi," ya ce, "kada ki bari a ba ki ƙarama. Babbar nan baƙa za ki sayo, mai dogon baki irin ta ƴan jarida. Ɓarawo ya hango ta daga nesa cikinsa ya kaɗa."

Na ce to, Allah ya sa mu dace. Ƙarfe shida da minti ashirin na samu motar ƴan kasuwa, muka shiga Tasawa bakwai ta ɗan gota. Na sha kunu da ƙosai a tasha.

Tasawa, shagon mai hoto

An kwatanta mini wani shago bayan kasuwa. Ba a buɗe shi ba sai tara da rabi. Mai shagon saurayi ne sa'ar ɗana na biyu. Na yi sallama, ya amsa idonsa na kan salula. Na ce kyamara nake so.

"Hoton kart ɗin shaida za a ɗauke ki? Zauna can."

Na ce a'a, saye zan yi. Sai ya ɗago ya dube ni tun daga takalmi har hijabi.

"Mama, wa ya aiko ki? Ki kira shi mu yi magana."

Ni ba mai faɗa ba ce, ƴaƴa bakwai na rena ban cika ɗaga murya ba. Amma maganar nan ta yi mini zafi. Tsabar kuɗi na jikina, ni na yi tafiyar, amma sai an nemo namiji a waya kafin a yi ciniki da ni. Na haɗiye, na ce ya nuna mini abin da yake da shi.

Ya sauko da babbar, wadda aka taɓa aiki da ita. Ya ce wannan ita ce aparai ta gaskiya, sauran duk kayan wasan yara ne. Na miƙa hannu in riƙe, ya janye. Wai in ta faɗi gerona na shekara ba zai biya ta ba. Na ce to ya ɗauko mini mai rake da ke tsallaken hanya in gani. Ya ɗauka. Hoto ya yi kyau ƙwarai, amma mai raken bai fi ɗan yatsana ba. Na ce fuska nake nema daga nesa. Ya ce wannan kuma sai an sayi wani ido dabam, dogo, a cire wannan a ɗaura shi, kuma sai an aika Maradi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini tun farko ba?"

"Ai ba ki tambaya ba, Mama."

Kuɗinta kaɗai ya cinye duk abin da ke lalitata, ban da dogon idon. Da na saye ta, da na koma gida da abin ratayawa a wuya, ɓarawo na nan a matsayinsa na ƙuda. Na yi mishi sai an jima, bai amsa ba.

Hanyar Mayahi

Na kira ɗiyata Zuwaira da ke aure a Mayahi. Ta ce in zo, akwai tsohon mai hoto a unguwarsu. Aka ce mota za ta tashi ƙarfe sha biyu, ba ta motsa ba sai biyu saura kwata. An cusa mu biyar a kujerar mutum uku, buhun albasa a kan ƙafafuna. Na ce wa direba ƙafata ta mutu.

"Hajiya, kowa tashi ta mutu, mu ma haƙuri muke."

A shingen jandarma kowa ya nuna kart, muka wuce. Gaba kaɗan aka tsaya sayen esansi, wato man mota, a kwalba, aka kuma tsaya taya ta yi faci. A hanya na riƙa kallon gonakin mutane. Inda aka bar itace ya tashi, ƙasa ta kwanta. Inda aka aske, sai rairayi. Raina ya ƙara ɓaci. Mun isa Mayahi biyar da rabi. Zuwaira ta yi mini tuwon gero miyar kuka, na kwanta da wuri.

Litinin, gidan Malam Isufu

Ƙarfe takwas muka je. Malam Isufu mai hoton ya tsufa, idonsa ya rage, yana sayar da kayan aikinsa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurari labarin gawo har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya fito da guda biyu, ya ɗora mini su duka a cinya.

"Riƙe ki ji, Hajiya. Hannunki zai gaya miki."

Babbar ta kai nauyin tiya rabi. Bai kushe ta ba. Ya ce ta fi kyan hoto, tana gani ko da rana ta faɗi, batirinta na daɗewa, in da biki zan riƙa ɗauka ita zai ba ni. Amma duk sa'ar da aka cire ido aka sa wani, rairayi na shiga cikinta, gyara kuma sai birni. Ƙaramar ba ta fi sabulun wanki ba. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli, na tura, bakinta ya fito a hankali. Na auna wata mata can ƙarshen layi tana daka. Sai ga ta a gabana, har ɗan kunnenta. Amma hoton na ta rawa.

"Aibinta ke nan," ya ce. "In ta jawo nesa, numfashinki ma girgiza ta yake. Ki jingina da wani abu, ki riƙe numfashi, sannan ki danna. Kuma da magariba ba ta da amfani."

Na faɗa mishi shawarar Ɗan Tani. Ya yi ɗan murmushi.

"Tsoratarwa kike so ko kamawa? Wanda ya hango babba a wuyanki gobe zai dawo sa'ar da ba ki nan."

Na sayi ƙaramar da batir na biyu, har canji ya ragu na mayar wa ƙungiya. Muka yi awa guda ina koyo a kan awakin maƙwabta, na jingina da garu.

Talata, komawa gida

Na bar Mayahi ƙarfe bakwai, na sauka Tasawa sha ɗaya, na daɗe ina jiran mota, na isa bakin kwaltarmu biyu da rabi. Babu kabu-kabu, sai na taka da ƙafa, ƙullin kayana a ka, kyamara cikin hijabi. Rana ta take, babu kowa a daji.

Ina kusa da gonarmu na ji sara. Can gabas, a kan babban gawon da na rena da hannuna, akwai mutum, amalanken jaki na tsaye a ƙasa. Ya waigo wajena, ya ga tsohuwa da kaya a ka, babu komai a wuyanta. Bai sauka ba, ya ci gaba da aikinsa. Na aje ƙullin, na jingina da wata aduwa kamar mai hutawa. Na fiddo kyamara, na jawo shi kusa, na danna. Hoton farko ya lalace, na biyu ma. Na tuna maganar Malam Isufu, na riƙe numfashi. Da na duba na uku, sai da na zauna a ƙasa. Shekara uku muna auna wa mutumin nan gero, har a shekarar da ƴaƴanmu ba su ƙoshi ba.

Na shiga gida ƙarfe huɗu saura. Bayan la'asar mata suka taru a tsakar gidana, Ɗan Tani ma ya zo yi mini sannu da zuwa, ya tsaya daga bakin zaure.

"Inna Rabi, ina babbar?"

Na ce ƙarama na samu. Ya yi dariya, ya ce an cuce ni, wannan me za ta ɗauka? Na kunna ta, na miƙa wa shugabarmu Hajiya Abu, ta duba, ta miƙa wa ta kusa da ita. Sai da ta zaga hannu talatin da ɗaya sannan na kai wa Ɗan Tani da kaina. Fuskarsa ce, gatari a sama, jan tsummana na rataye a reshen da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Gobe da safe za mu ƙofar mai gari, mu duka. Babu wadda ta kwance tsummanta. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Zuwaira da mijinta, da Malam Isufu da ya bar ni na riƙe da hannuna.