Ranar da Na Kai Inna Bakin Bahar

Shekara tara Inna ta yi a Madina ba ta tsallake allon iyakar Harami ba. Ko Makka, tun da ta sauke farali ba ta sake yarda ta koma ba. Dalilinta guda ne kuma ba ta ɓoye wa kowa: ta zo ne ta mutu a garin Manzo, a yi mata salla a Masallaci, a sa ta a Baƙi'a. Ajali ba ya sallama kafin ya shigo, saboda haka ba za ta yarda ya riske ta ko da taku ɗaya a waje ba.

Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, sai dai "kai wannan". Sana'ata gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a masaukan alhazai da ke Anbariyya. Boko a aji biyu na sakandare na ajiye shi, don haka wanda ya zo neman daɗin zance a nan ya yi haƙuri. Sau biyu ana yi mini tayin shugul, wato aiki, a Yanbu, mai albashi na kirki, ina ƙi saboda tsohuwar nan. Waɗanda muka zo tare da su sun yi gaba. Ni ina nan a kan tsani ina shaƙar ƙurar ɗakunan mutane. Likitocinmu na Najeriya da suka zo jiya jiya, duk hutun mako sai sun fita gari, su dawo suna nuna maka hotuna a waya kamar ka tambaye su.

Ɗaya daga cikinsu ne ma ya jawo maganar. Ya duba gwiwoyin Inna, ya ce a kai ta ta sha iskar bahar, wato teku, ta binne ƙafa a yashi mai ɗumi. Ya faɗa ne kawai yana rubuta magani. 'Yata tana wurin, ta ji. Budurwa ce, a Madina aka haife ta, ta gama sakandare ba ta taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Wata guda ta yi tana cin kunnena. Maiɗakina ta ce ita ba za ta bar tsohuwa ita kaɗai a gida ba, ko a tafi gaba ɗaya ko a zauna gaba ɗaya.

Gaskiya ba don gwiwar Inna na matsa ba. So nake in ga ta tsallake allon nan sau ɗaya, ta dawo da ranta, in ga abin da za ta ce. Na sami kwana uku ina lallashi, ta ƙi. Daga ƙarshe na ce wallahi tallahi zan dawo da ita cikin iyaka kafin a kira magariba. Ta sa na maimaita a gaban maiɗakina. Sannan ta tashi ta ɗauko jakarta ta fata, wadda likkafaninta yake ciki, wanda ta wanke da zamzam da hannunta. Na ce me za a yi da wannan a wajen shan iska. Ba ta ko dube ni ba.

Ranar Asabar muka fita daga unguwarmu Aƙiƙ bayan asuba. Motata tsohuwa ce, kuma sanyinta ya lalace tun bara. Mai gyaran mukayyif ke nan. Da muka wuce Bi'ir Ali, motocin masu umara sun yi layi, maza sun fito da fararen harami, Inna ta ciro carbinta. Allon ya wuce ta gefenta. Na ga ta juya tana kallonsa har ya ɓace, daga nan sai ƙarar carbi kawai. Duwatsu baƙaƙe, rana, duwatsu. Ina ta duban agogo tun ba mu je ko'ina ba.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wurin. Ya ce bayan Badar in ka doshi ruwa, ka bar kwalta ka bi sawun motoci, za ka tarar da gaɓa wadda babu gini, babu mai sayar da komai, babu idon kowa, mata su jiƙa ƙafa yadda suke so. Bai yi ƙarya ba. Muka hau wani tudu sai ga shi. Ruwa kore a kusa, shuɗi a nesa, har ya haɗe da sama. Babu bishiya sai wasu gajerun itatuwa tsaye cikin ruwa. Wani karyayyen kwale-kwale a kife. Ƙaguwa suna gudu a karkace. 'Yata ta saki ƙara da Larabci, uwarta ta ce ta rufe baki.

Tsakanin tudun da ruwan akwai wani fili fari, shimfiɗaɗɗe, ya bushe har ya tsattsage. Ni ɗan ƙauyen Gumel ne. Na san faƙo in na gan shi, irin wanda muke sussukar gero a kai, wanda ko fartanya ba ta kama shi. Na ce ga wuri Allah Ya shimfiɗa, bari in kai tsohuwa har bakin ruwa kada ta wahala da tafiya. Na hau, mota ta tafi sumul. Na tsaya, na ja birki, har ina jin kaina.

Inna ta ce ita a mota za ta zauna. Jikarta ce ta fito da ita, da tsokana irin tasu. Ta kira ta kaka da Larabci, ta ce, "Sitti, tsoron ruwa kike ji, ko tsoron kifi ya ga tsufanki?" Inna ta ce 'yar nema, ita da ta yi wanka a tafki tun uban yarinyar bai san hanyar duniya ba. Ta fito da jakarta a hammata. Da ta isa ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar, ta tambaya wa ya ɓata ruwa mai yawa haka. Ta tambaya ko yana alwala, na ce yana yi. Suka tona yashi suka binne mata ƙafa har gwiwa, suka kafa mata lema.

Maiɗakina ta shimfiɗa tabarma, ta fito da gurasar tamis da waken ful da shayi. Na ci a tsaye. Na kasa zama. In je bakin ruwa in dawo, in duba agogo, in lissafa hanya: in muka tashi bayan azahar, za mu shiga gari rana tana sama. Su suna tsintar ɓawon katantanwar ruwa suna dariya, ni ina kai da kawo kamar mai jiran haihuwa. Shekara nawa ina son in ga wuri irin wannan, ga shi na zo ban kalle shi minti biyar a jere ba.

Da muka yi azahar na ce a tattara. Na je mota sai na ga kamar ta gajarta. Tayoyin baya sun nutse har rabi. Ɓawon gishiri ne kawai a sama, kaurinsa bai fi tafin hannu ba, ƙarƙashinsa baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na shiga na taka mai. Motar ta yi kuka, ta watsa taɓo, ta zauna a kan cikinta.

'Yata ta zo ta duba, ta ce, "Baba, hadi sabka." Wai a makaranta an koya musu, ƙasar gishiri ce, ba a hawa da mota. Na ce to me ya hana ta faɗa tun da safe. Ta ce ban tambaye ta ba.

Na yi tono da farantin abinci. Na cusa shimfiɗun ƙafa na mota a ƙarƙashin taya, taɓo ya haɗiye su. Na ɓalle katako daga kwale-kwalen nan, ya karye. Waya babu layi ko ɗigo. Maiɗakina ta riƙa miƙo mini ruwa kawai, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina cikin haka Inna ta kira. "Kai wannan, zo."

Na je, taɓo har gemu. Tana zaune yadda aka bar ta, jakar a kan cinya.

Ta ce, "In abin ya zo a nan, kada ka gaya wa kowa. Ka zaunar da ni a kujerar baya, ka ɗaura mini igiyar kujerar nan, ka ja mini mayafi. In askari ya leƙo ka ce barci nake. Sai ka wuce allo sannan ka yi salati."

Na ce, "Inna, wannan ai ba ya halatta. Kuma Allah Ya san inda rai ya fita."

Ta ce, "Shi Ya sani. Masu takarda ne ba su sani ba. Tsakanina da Shi ka bar mana."

A nan na fashe. Ba zan rubuta duk abin da na faɗa ba. Na ce shekara tara ta ɗaure ni a gari ɗaya kamar akuya a turke, na ce shugul biyu na rasa saboda kabarinta, na ce kowa yana neman inda zai rayu ita tana neman inda za ta mutu. Uwata. A gaban matata da 'yata. Ta bari na gama, tana kallon ruwa. Sannan ta ce da na tafi Yanbu ɗin, da ita da matata sun zauna lafiya, in riƙa zuwa ina ganinsu. Ta ce ita ba ta taɓa jin labarin wani shugul ba sai yau.

Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa gaya mata ba. Na juya na kama sawun motoci da ƙafa.

Na yi tafiyar da ta kai awa guda, rana tana dukan ƙeyata, kafin na hango wata bukka ta langa-langa da wanet, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, a gefenta. Wani dattijo baƙi yana ɗinkin koma. Na yi masa sallama da Larabci, ya dube ni sama da ƙasa ya amsa da Hausa, irin ta mutanen Sudan. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi dariya har da tari. Ya ce duk mutumin tudu sai ya yi wannan, wai mu ba mu yarda ƙasa tana yaudara ba. Na ce ya taimaka mu yi sauri. Ya ce la'asar ta yi, sai an yi salla. Na bi shi, amma ban san me na karanta ba. Bayan sallama ya tsaya azkar, ya naɗe komarsa a hankali, ya nemi igiya. Na ji kamar in ɗauke shi in jefa a motar.

Shi bai hau farin filin ba. Ya tsaya can kan tudu, ya haɗa igiya biyu, ya sace iskar tayoyina har suka yi laushi. Ja na uku motar ta fito da wani sauti kamar saniya ta zare ƙafa daga laka. Na ce a shiga, a shiga. Amma sai da ya je ya durƙusa ya gai da Inna. Ta tambaye shi su a nan ina suke binne mutanensu. Ya nuna wani tudu da haɓa, ya ce, "Ƙasa duk ta Allah ce, Hajiya."

Ta ce, "Haka ne. Ni dai na riga na zaɓi maƙwabci."

Tayoyi babu iska, dole na rarrafa har gidan mai na farko. Kafin mu hau hanya sosai rana ta yi ja a bayanmu. Na taka motar nan yadda ban taɓa taka ta ba, tana rawa, kamarar hanya ta haska ni ban damu ba. Na ɗaga ido na dubi madubi. Inna ta jingina kai da gilashi, igiya a ƙirjinta, mayafi ya rufe mata fuska, daidai yadda ta kwatanta mini. Na ce wa 'yata ta taɓa ta. Ta ce barci take. Bayan ɗan lokaci na sake cewa ta taɓa ta. Na uku maiɗakina ta ce in kalli gabana kafin in kashe mu duka a wajen iyakar.

Muna tsakiyar duwatsu aka kira magariba daga wani ƙaramin masallaci na gefen hanya. Ban tsaya ba. Duhu ya fara sauka lokacin da fitilun Bi'ir Ali suka bayyana, sannan allon ya zo, ya wuce.

Na ce, "Inna, mun shiga."

Na sake faɗa da ƙarfi.

Daga ƙarƙashin mayafi ta ce, "Na ji kiran salla tun can baya. Mutum goma za ka ciyar."

Na ciyar. Ita ta zauna a ƙofar kicin tana ba da umarni, ta ce kaffarar rantsuwa ba a yin ta da shinkafa gaya, sai da nama. Na kwaso leburori goma daga Anbariyya suka ci suka tafi. Maganar da na yi mata a bakin ruwa ba ta sake tayar da ita ba, ni ma ban nemi gafara da baki ba. Na yi ta cewa gobe.

Bayan shekara biyu ta rasu, da hantsi, a ɗakinta a Aƙiƙ. An yi mata salla a Masallaci bayan azahar, muka kai ta Baƙi'a. Da mata suka buɗe jakar fatar don ɗauko likkafani, suka tarar da ɓawon katantanwa guda huɗu a ƙulle a gefen ƙyalle. Kabarin Baƙi'a ba a rubuta suna, yanzu in na shiga sai dai in tsaya a sashen da nake zato.

Yau babu mai riƙe ni. Babu kuma mai yi mini tayin Yanbu, wa zai ɗauki mai furfura ya hau tsani? 'Yata takan ce mu koma bahar, yanzu ai mun san inda ba a hawa. Nakan ce mota ba ta da lafiya. Makon jiya aka kira ni gyara a wata istiraha, gidan shaƙatawa, da ke bayan Bi'ir Ali, aikin da bai fi na awa biyu ba. Na ƙulla wayoyin a gaggauce, ban tsaya shan shayin da mai wurin ya kawo ba. Sai da na wuce allon a hanyar dawowa na lura hannuna ya yi ciwo saboda yadda na damƙe sitiyari.