Kujerar da Adda Nana Ba Ta Samu Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Nana, wadda duk gidanmu muke kira Adda. Har yau ina haɗuwa da mutane a kasuwar Jimeta, su ƙura mini ido su ce, "Kai ne ƙanin Nana ta filin jirgi?" Wasu addu'a suke yi mata. Wasu kuma sai sun fara ba ni labarin ranar da suka yi faɗa da ita kafin su kai ga addu'ar.

Adda ta yi aiki da wani ƙaramin kamfanin jiragen sama, masu farfela, da ke jigila tsakanin Yola da Abuja. A takarda, aikinta duba tikiti ne da auna kaya. Amma da yake ma'aikatan 'yan ƙalilan ne, ita ce mai kiran fasinja, ita ce mai neman jakar da ta ɓata, ita ce mai tura keken marar lafiya har gindin jirgi. Takan ce a babban kamfani sai ka tsufa a kan aiki ɗaya, ita kuwa cikin shekara biyu ta san jirgi ciki da bai, tuƙi kaɗai ya rage mata.

Aikin ya yi mana rana, ba zan ɓoye ba. Kullum a gidanta take kwana a unguwar Luggere, abin da ma'aikatan manyan jirage ba su samu. Da tikitin ma'aikata aka kai Dada, mahaifiyarmu, Abuja aka yi mata aikin ido, matar da ba ta taɓa wuce Numan ba. Sharaɗin tikitin ɗaya ne: sai in kujera ta rage bayan masu biya sun gama shiga.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Jiragen kamfanin ba su da yawa, in ɗaya ya yi gardama, tafiyar ranar ta rushe. Masu kamfanin suna can nesa, ba wanda ya san fuskarsu. Fuskar Adda aka sani. An sha biyo ta har ƙofar gida. A wani biki a Yola Gari wata mata ta ƙi amsa gaisuwarta, wai ita ta sa ɗanta ya rasa jarrabawar ɗaukar aiki. Adda ta dawo tana dariya, ta ce an bar jaki ana dukan taiki. Sai da ta shiga ɗaki na ji tana jan hanci.

Lokacin da 'yan tayar da ƙayar baya suka shiga Mubi, jama'a suka kwararo Yola, kowane gida ya cika da baƙi. Duk mai hali neman fita yake. Wata rana da hantsi na kai mata abinci, na tarar da filin jirgi ba masaka tsinke. Ga wani dattijo daga Michika riƙe da takardar likita, 'yarsa na kwance a benci, ƙafarta a naɗe ta kumbura. An ce in ba a kai ta Abuja ba, yanke ƙafar za a yi. Kujera kuwa babu.

Adda ta bi sunayen fasinjoji da yatsa, ta zagayo ta durƙusa gaban wani Alhaji mai sayar da atamfa, abokin marigayi mahaifinmu, wanda zai yi tafiya da ɗansa.

"Baffa, saro kayan zai jira jibi. Ƙafar yarinyar nan ba za ta jira ba."

Ya ce, "Nana, kin san ba saro kaya kaɗai ya fito da ni ba. Kina ganin halin da gari ke ciki, ki ce in zauna?"

"Ni ma ina nan, Baffa. Dada ma tana nan."

Na ɗauka ya fusata. Can ya miƙa mata tikiti biyu, ya ce wa ɗansa ya ɗauko jakunkunansu. Abin da Adda ta samu daga ofis shi ne takardar gargaɗi, don ta canza sunan fasinja ba da izini ba. Ta ninke ta, ta sa a jaka, ta ci abincinta.

Ba a daɗe ba matafiya suka daina zuwa Yola, kamfanin ya dakatar da zirga-zirga zuwa garin. Aka ce mata ko ta koma Abuja ko ta ajiye aiki. Mijinta malamin firamare ne, gidan kuma cike da 'yan gudun hijira. Ta tafi, ta bar 'yarta Ummi a hannun Dada. Da ƙura ta lafa jirgin ya dawo Yola, amma ita ba a dawo da ita ba.

Gab da wata Babbar Sallah ta kwashe kwana biyu tana zuwa aiki da jakarta, ko kujera za ta rage. Ta kira ni tana dariya: "Kowa ya samu kujera sai mai raba kujera. Ka ce wa Ummi gobe zan shigo mota." Tsakanin Gombe da Numan motar ta yi haɗari. Labarin ya same mu bayan la'asar, ranar jajibere.

Na daɗe ina jin haushin kamfanin. Yau babu shi ma, ya rufe kamar wasu irinsa. Nakan tambayi kaina me Adda za ta ce da ta ga yadda ake sayen tikiti ta waya. Na san za ta ji daɗi, ba mai biyo ta gida. Amma waya in ta ce kujera ta ƙare, ta ƙare, ba ta san Baffan kowa ba. Jinkirin jirgi kuwa yana nan, haka ma 'yan matan da ake ɗora wa laifinsa. In na ga fasinja na yi wa ɗaya tsawa, ba na iya yin shiru.

Adda ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar mutanen da ta taimaka a ranar da suka rasa mafita, ta kuma bar 'ya mai irin taurin kanta. A watan jiya Ummi ta samu kiran ɗaukar aiki daga wani ƙaramin kamfanin jirage. Ta zo mini a matsayin kawu, na kasa cewa e, na kasa cewa a'a. Na kai ta gaban Dada, ina da tabbacin za ta hana.

Dada ta dube ta, ta ce, "Ki je, Allah ya yi albarka. Amma in Sallah ta zo ba kujera, ki zauna inda kike. Mun iya jira."

Allah ya jiƙan Adda, ya sa ta huta.