Itacen da Inuwarsa ke Taɓa Ruwa

Aikina a Doha shi ne ba bishiyoyi ruwa. Duk sanda na faɗi haka a gida sai an yi mini dariya, wai na tsallake teku na je ina shayar da itace. To, gaskiya ce. Tankar ruwa nake tuƙawa a wani kamfanin dashe-dashe, kuma a shekarun da ake shirin gasar kofin duniya babu titin Al Aziziya da ban bi da mesa a hannu ba. Bishiyoyin ma ba 'yan ƙasa ba ne, baƙi ne irina. A kan tirela ake kawo su da girmansu, saiwarsu a naɗe cikin buhu, a tona rami a zuba ƙasar da aka sayo, a tsayar da su a ɗaɗɗaure da igiya kamar awakin kasuwa. Kafin a ja musu siririn tiyon da zai riƙa ɗiga a gindinsu, ni ne uwarsu ni ne ubansu.

A inda na fito kuwa, bishiya ce take ba mutum ruwa. Ƙauyenmu yana gindin dutse ne a kudancin Taraba. Bayan gari akwai kurmi, a tsakiyar kurmin akwai idon ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani falalen dutse ya gangara ya zama ƙorama. Ruwa ne mai sanyi ko a tsakiyar bazara, da wani ɗan ƙanshin saiwa da ban taɓa ji a wani wuri ba. Inna, mahaifiyarmu, ba ta shan kowane ruwa sai shi. An haƙa rijiya a bakin masallaci ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce a bar wa masu alwala. Duk baƙon da ya shigo gidanmu, kafin a gama gaisawa ta miƙa masa ruwan a wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a baki. Ranar da zan taho ma ita ta miƙo mini.

“Sha da yawa, Auta,” ta ce. “An ce can ruwan teku suke tacewa su sha. In Allah ya dawo da kai, da wannan zan tare ka.”

Baba, Allah ya jiƙansa, shi ake tambaya kafin a sa gatari a kurmin. Ba hana sara yake ba, rufin masallacinmu da ƙyauren kowane gida daga can aka samo. Ƙa'idarsa dai ita ce, itacen da inuwarsa ke taɓa ruwa ba a saransa. Yakan je da hantsi, lokacin da inuwa ta miƙe ta yi yamma, ya duba bishiyoyin da ke gabas da ƙorama. Ya koma da la'asar sakaliya ya duba na ɗaya gefen. A waɗannan lokutan inuwar maɗaci doguwa ce ƙwarai, saboda haka ko'ina ka bi bakin ruwan akwai faffaɗan duhuwa da ba a taɓawa. Saiwoyinsu ke riƙe gaɓa, ganyen da suke zubarwa ke rufe ƙasa ruwan sama ya nutse a hankali. Kuma in ƙasa ta jiƙe, Baba ba ya bari a ja gungume ko ɗaya, sai a jira rani. Ni nake bin sa don ni ne auta, ba ni da aikin fari balle na baƙi. Yayana a lokacin yana gari yana koyon ɗinki. Shi da kunne ya ji ƙa'idar, bai taɓa ganin yadda ake yin ta ba. Da Baba ya rasu, maganar kurmi ta koma hannunsa, ni kuma na nemi hanya na taho.

Sai ga annoba. Aka kulle Doha, aka rufe masallatai, shagunan Al Mirqab da ba a iya wucewa don cunkoso suka zama kufai. Amma bishiya ba ta san kulle ba, don haka mu aka bar mu muna fita. Daga ni sai tanka sai takunkumi a hanci, titi fayau. A gida abin ya fi tsanani, an hana cin kasuwa, mutane suna kallon juna. A wannan tsakanin wani Alhaji mai sana'ar katako ya zo ƙauyenmu. Madobiya da maɗaci yake so, shi kuma zai gyara hanyar da ta haɗa mu da gari. Yaya ya kira ni ya faɗa mini.

“Ka kwantar da hankalinka, Auta. Na gindaya masa sharaɗin Baba gaban dattawa, ya kuma amince. Ranar da za a duba zan kira ka ka gani da idonka.”

Na kwantar da hankalin kuwa. Har na yi ta yabon Yaya a ɗaki wajen abokin kwanana, wani direba ɗan Zangon Kumasi, ina cewa mu a gidanmu ba a wasa da amana.

Ana saura 'yan kwanaki azumi ya kira. Na idar da azahar ke nan a inuwar tanka, a bakin wani sabon titi a Al Aziziya. Na ɗauka, sai ga fuskarsa cike da fara'a, bayansa ma'aikatan Alhaji da gwangwanin jan fenti. Duk itacen da za a sare an shafa masa. Ya riƙa juya wayar yana nuna mini, ni kuma ina ta ganin ja inda bai kamata in ga ja ba. Can na hango babban maɗacin da mata ke sauke tulu a gindinsa su huta, shi ma an zabga masa.

“Wannan fa, Yaya?”

“Inuwarsa ba ta kai ruwa ba. Duba ka gani.”

Ya karkato wayar ƙasa. Inuwar maɗacin ta dunƙule a gindinsa, ko taki biyar ba ta fita ba. Shi kansa Yaya tasa inuwar tana ƙarƙashin takalminsa. Na dubi agogo. Doha tana gaban gida da awa biyu, ni na yi azahar, su kuwa rana ce a tsakiyar ka.

“Yaya, rana tsaka ce fa! Wa ya taɓa auna inuwa da rana tsaka?”

“Alhaji ya ce yanzu aka fi ganin komai sarai. Kuma daga gari ya taso, da yamma zai juya.”

“Da hantsi ake yi, Yaya, da la'asar! Wallahi da hantsi Baba yake yi!”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ban ma san ko ya ji ba, don fuskarsa ta daskare a wayar da baki a buɗe, layin ya yanke. Na yi ta kira ba ya shiga. Ga fomanmu ya tsaya da mota yana danna mini hon, “Yalla, yalla!” wato in yi sauri. Na ja mesa na nufi bishiyar gaba, na yi ta zuba mata ruwa har ya malala kan kwalta.

Da na same shi a waya washegari ya riga ya sha toka. “An yi magana gaban dattawa, an shafa fatiha,” ya ce. “So kake in zama ƙaramin mutum? Kai kana can a ɗaki mai sanyi. Mu ne muke ganin mai naƙuda a kan babur a wannan hanyar.” Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ya yi ba, ban da ɗakin sanyin, don namu mu shida ne a ciki kuma na'urar tari kawai take. Na kira mai unguwa, ya ce zai duba, muryarsa kuwa ta wanda ba zai duba ba. Na samo lambar ofishin gandun daji, waya ta yi ta ringi a ofishin da kulle ya rufe. Na kira Inna, ta ce ta yi masa magana ya ce sha'anin maza ne. Jirage ba sa tashi, ko da ina da fuka-fuki iyaka a rufe take. Na koma ɗaki na zauna ina kumfar baki ni kaɗai. Ɗan Kumasi ya turo mini kwano.

“Ɗan'uwana, ci abinci. Wayan nan bai iya tare inji.”

Cikin azumi, in na kira Inna mu gaisa, a bayan muryarta nake jin kukan injin yankan. Wani lokaci sai ya yi shiru, a ji wani dogon ƙara, ƙasa ta amsa. Sai Inna ta katse maganarta ta ce “Inna lillahi,” sannan ta ci gaba da tambayata me na ci da sahur.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. An hana motoci shiga daga jiha zuwa jiha, gumaguman suka yi ta kwanciya a kurmi, ba a buɗe hanya ba sai da damina ta sauka. Alhaji ya ce ba zai bar dukiyarsa ta ruɓe ba. Aka shigo da tirakta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana jan gungume tana ratsa ƙoramar duk inda ta ga dama. Kowane sawun taya ya zama lambatu. Ruwan sama ya bi su daga gangaren dutse, ya kwaso jar ƙasa ya jibge a idon ruwa. Wata safiya Yaya ya turo mini hoto, ba ko sallama. Falalen dutsen nan da kyar ake ganin bakinsa, ƙorama ta koma kamar an dama kunun kanwa.

A ranar ne kuma, kamar da gayya, tayar tankata ta ɗan hau ƙasar gindin wata bishiya a Al Gharrafa. Injiniyan kamfani ya taso mini kamar zai cinye ni. Wai nauyin mota yana danne ƙasa, in ƙasa ta dannu ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta numfashi. Ya sa aka kawo cebur aka sassauta wurin, aka kewaye da jan ƙyalle. Bishiya ɗaya tal, wadda ko tsuntsu bai yarda ya yi sheƙa a kanta ba. Ina tsaye ina gyaɗa kai, don duk abin da ya faɗa daidai ne, maganar Baba ce da wani harshe. Na shiga mota na fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, sai na ji takunkumina ya jiƙe.

Jirage suka dawo tashi, na nemi hutu. Aka ce in na fita ba tabbas in samu shigowa, ga Inna da 'ya'yan Yaya da ni suka dogara. Da annobar ta lafa na sake nema, manaja bai ko ɗago kai ba. “Khalas, magana ta ƙare, sai bayan ƙwallo.” Haka damina biyu suka ƙara wucewa a kaina ina bin titi da mesa. Labarin gida a gutsure nake samunsa. 'Yan bishiyoyin da aka bari a bakin gaɓa, da gaɓar ta zaizaye, iska ta kwantar da su. Ruwa ya zama ja da damina, da rani ya koma siriri, mata suna tona yashi suna jiran ya taru. In na tambayi Inna sai ta ce, “Ruwa lafiya lau, Auta, kai dai ka kula da kanka.” Amma a bayanta ina hango jerin jarkoki masu ruwan ɗorawa inda randunanta suke a da.

Da gasar ta zo, garin ya cika ya batse. An naɗa wa bishiyoyina fitilu, sun yi kore shar, baƙi daga ko'ina suna jingina da su suna ɗaukar hoto. Ɗan Kumasi ya saka rigar ƙasarsu yana ta tsalle yana jan hannuna in zo kallo. Na je sau ɗaya don kar ya ce na cika baƙin rai. Gaskiya haushin bishiyoyin nake ji, alhali ba su yi mini komai ba. Na raya na mutane, nawa kuwa sai kallo na yi ta waya.

Aka gama ƙwallo, aka ba ni hutuna. Hanyar ta gyaru, ba zan ɓoye ba, mota ta kai ni har bakin masallaci. Amma tun daga nesa na hango gindin dutsen tsirara, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Yaya ne ya tare ni. Ya yi furfura, ya rame. Ya karɓi jakata duk da na hana, muka jera muka nufi gida. Sai da muka kusa ƙofar gida ya tsaya.

“Na koma da hantsi, Auta. Bayan sun tafi. Na tsaya a kan kututturen maɗacin nan, ni da ba ni da tsawo, inuwata ta kusa kai ruwa.”

Duk maganganun da na kusa shekara uku ina tanada masa, sai na ajiye su gefe. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, muka yi sallama muka shiga.

Inna ta tsufa fiye da yadda waya ke nunawa. Na durƙusa, ta dafa kaina ta yi ta sa albarka. Sai ta miƙe da kyar, ta ɗauko ƙwaryar nan mai ɗinki a baki daga kan danga, ta shige ɗaki ta ba mu baya. Gidan ya yi tsit, don haka na ji sarai lokacin da ta sa haƙori ta ɓula leda, na ji ruwan yana tsiyaya. Ta fito riƙe da ƙwaryar da hannu biyu kamar yadda ta saba. Bakin ledar ya leƙo daga ƙullin zaninta.

Na yi bisimilla na kafa kai. Ɗumi gare shi, da warin ledar da ta sha rana a shago. Na shanye tas, na ce, “Alhamdulillahi, Inna. Na gode.”

Ta karɓi ƙwaryar ta kife, ba ta kalle ni ba.

“Ka yi haƙuri, Auta,” ta ce. “Na ce da shi zan tare ka.”