Gidaje Ashirin da Ba Kowa a Tsamiyar Jigo

Matamaye, ƙarfe biyar da rabi

Ana sallame sallar asuba na fito, takardar umarni a aljihuna. Ni ne na zana wa furoje, wato shirin tallafin da nake wa aiki, gidaje ashirin a ƙauyen Tsamiyar Jigo, na bulon ƙasa, rufinsu ma ƙasa, babu azara balle a sare itace. Wata takwas da gamawa, ko akuya ba ta tare ba. A biro, ofishinmu, aka ce rashin masai ne, in je in sa hannu a haƙa rami a kowane gida kafin ruwa ya sauka. Raina a ɓace na tafi. Mutum ya ba ka gida kyauta, ka tsaya yanga?

Hanyar Dawce

Motar Dawce ta tashi shida da kwata. Jandarma sun duba katinmu a shinge, muka wuce. A mararraba na sauka, na sha koko da ƙosai, na hau kabu-kabun wani dattijo, Malam Idi. Kilomita goma sha ɗaya ne, yashi har idon sawu.

"Sababbin gidajen za ka, Mushe?" in ji shi, da laƙabin Faransanci da ake kiran ma'aikata da shi. "To, a tsamiya zan aje ka. Ba na shiga da babur."

"Aljanu ne?"

"Ni ban ce ba."

Tsamiyar Jigo, ƙarfe tara

Na shiga layin ni kaɗai. Gida goma dama, goma hagu, ƙofofi a buɗe. Ba kaza, ba hayaƙi, sai ƙarar takalmina. Abin da ya tayar mini da tsikar jiki shi ne shara. Kowane tsakar gida an share shi tas, sawun tsintsiya sabo, kuma ba sawun ƙafa ko ɗaya. A kusurwar kudu, daidai inda na sa alamar rami a takarda, an jera duwatsu ƙanana. Wani gidan uku, wani biyu. Na yi sallama har sau uku, muryata ta dawo mini.

A gida na bakwai na ga tsohuwa tana shara da baya da baya, tana goge sawunta. Wallahi saura kaɗan in zura da gudu.

"Kai ne mai takarda," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na gane ka. Bara waccan ka zo da igiyar awo."

Sunanta Iya Habsu. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni, na nuna kusurwar. Ta jingine tsintsiya.

"Nan za ka haƙa masai? Ɗana, Hassana ce nan da Usaina. Na ukun bai kai suna ba."

Na dubi duwatsun. Na ce, "Iya, ai na tambaya. An ce mini maƙabarta tana gabas da gari."

"Tana can. Ta manya ce. Jariri ba a kai shi can, a gida ake sa shi, kusa da uwarsa. Nan tsohon garinmu ne, kafin rijiya ta ƙafe mu matsa. Ɗakina yana inda kake tsaye."

Sai na tuna. Da rani na zo awo, maza duk sun tafi cin rani Kano da Legas. Wakilin mai gari baƙo ne a garin, aure ya kawo shi. Mata kuwa suna leƙe ta katanga, ni kuma ban ga dalilin tambayarsu ba. Fili na gani a sarari, na ce ya yi.

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Wa ya tambaye mu? Kuma mace ba ta tsayawa gaban baƙo tana lissafa 'ya'yanta da suka koma. Da kuka yi ginin mun yi shiru, katanga ba ta tone kowa ba. Amma wa zai kwana a kan ɗan maƙwabciyarsa bai san inda yake ba? Ni na san na kowa, shi ya sa nake sa dutse."

Komowa

Ban sa hannu ba. Na zaga gidajen da ita, tana faɗin suna ina rubutawa a kan zanena, har azahar. Ta ba ni fura, na sha da ƙyar. Malam Idi yana tsamiya yana jirana. A hanya na shirya abin da zan faɗa a biro: a fitar da masai bayan layi, a kewaye kusurwoyin, kuma kada a sake awon fili sai maza sun dawo, an zauna da tsofaffin mata. In sun ga dama su kore ni.

Na iso Matamaye biyar da minti goma, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Idi da Iya Habsu. Innata tana tankaɗe a tsakar gida, na ba ta labari duka. Ta aje rariya. Can ta nuna kusurwar da na shafe da siminti shekaru huɗu da suka wuce, inda nake wankin kaya.

"Yayanka yana nan," ta ce. "Ranar da ka kawo magina na so in faɗa maka, na ga kana murna."