Kunun Tarbar Alhaji

Ko zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da surukina ya dawo daga aikin Hajji. Wata huɗu ke nan da kawo ni gidansu a Madarumfa, kuma Allah ya sani ina da rawar kai. Da aka zauna rabon aiki, karaf na ce a bar mini abin sha. So nake dangin miji su san an kawo mace.

Ranar Laraba na dama kunun zaƙi bido uku manya, wato jarkoki, da tsiron gero da citta da kanumfari, na zuba sukari ba tausayi, don an ce Alhamis zai iso. Sai aka bugo waya cewa jirgi ya yi jinkiri, sai Asabar. Ga zafi, ga kuran ya ɗauke ba lantarki, ko galas, wato ƙanƙara, babu a gari. Wayona ya ba ni in murɗe marufan tamau saboda tururuwa, in tura su ɗakin kwano in ja ƙofa.

Asabar da hantsi na tarar bidunan sun kumbura kamar cikin akuyar da ta yi ɓarnar wake. Ina taɓa na farko marfin ya yi sama ya daki kwano, kumfa ta wanke ni tun daga ɗankwali. Uwar mijina ta rugo, ta shinshina, ta kama baki.

"Ɗiyata, wanga wari na mine ne? Ba dai giya ba?"

Da azahar liman da malaman unguwa za su cika ƙofar gida, kuma abin da zan miƙa musu ke nan. Abin dariyar, duk gidan babu wadda ta san warin giya balle ta tabbatar, kuma babu mai yarda ta ɗanɗana.

Sai uwar mijina ta aika a kira wata tsohuwa ƙawarta, mai kawo daddawa daga wani ƙauyen Sarkin Yamma. Gidansu addinin gargajiya suke bi, kuma kowa ya san ita ke dafa musu burkutu. Ni kuwa ko gaisuwarta da ƙyar nake amsawa.

Ta zo ta kurɓa, ta lumshe ido, ta sake kurɓa.

"Amarya, wa ya koya miki? Tun ina budurwa nike wanga aiki, ban taɓa samun tashi irin wannan ba!"

"Inna, don Allah, ya zama giya?"

"Ya kama hanya, har ya wuce garin Ɗan Issa."

Matan gidan suka kwashe da dariya, ni kuwa sai hawaye. Ta dafa ni ta ce, "Ba ki ji zaƙin ya gudu ba? Akwai abin da ke cinye shi, ido ba ya gani nai. In ya ƙoshi sai shi yi gyatsa, ita ce iskar da ta kumbura miki bido. Abin da ya bari a baya kuwa, shi ne namu. Kin ba shi sukari, kin ba shi zafi, kin rufe mishi ƙofa, mi kike so shi yi? Share ido ki kawo tsamiya."

Ta ɗaura ɗamara, ta sa mu daka citta, ta tace tsamiya da hannunta, muka cika randuna biyu. Da ta ga ana tuttular da kununa bayan gida kuwa, sai ta ɗora hannu a ka kamar an yi mata rasuwa.

Malamai suka sha suna sa mini albarka, ni da na san gaskiya ina ta sunkuyar da kai. Da yamma labarin ya kai kunnen Alhaji. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a kai wa tsohuwar dabino, kuma ni zan kai. Na durƙusa har ƙasa na miƙa mata, da farin cikin da ban taɓa ji ba.

Tun daga ranar na daina raina sanin kowa. Mai dafa burkutu ce ta hana ni shayar da liman giya.