Sobiyar Mukhtaru

Wada yana ɗinki a shagonsa na unguwar Misfala a birni mai tsarki aka kawo masa labarin rasuwar amininsa Mukhtaru, mai sayar da sobiya, abin shan da ake yi da sha'ir. Hawaye ya hana shi ganin allura.

Mukhtaru bai taɓa jiƙa wani sha'ir ba sai na Ɗa'ifa, yadda mahaifinsa ya koya masa. Sobiyarsa ba ta nauyi a ciki, ga ɗan ƙamshi mai daɗewa a maƙogwaro. Da sha'irin ya yanke a azumin 1952, ya gwammace ya rufe shago, ga iyali.

A haɗuwarsu ta ƙarshe Wada ya ce, "Haba ɗan'uwa, zuba na Masar mana! Wa zai gane?"

Mukhtaru ya yi dariya. "Kai mana. Da wane ido zan dube ka?"